Amsoshin Wasiƙunku: Kula da Fata a Lokacin Hunturu

Tun da iska ta juya a ƙarshen watan Nuwamba hazo ya rufe gari, yawancin wasiƙun da ke shigowa wannan fili sun koma kan magana ɗaya, wato bushewar fata da abin da za a saya a shafa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma ba ta ɗauke da laima. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, shi ya sa wanki ke bushewa kafin a gama shanya. Yadda iskar ke tsotse ruwan tufafi, haka take tsotse ruwan fata. Aikin man shafawa shi ne ya tsare ruwan da ke cikin fatar don kada ya fice, kuma duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Anti, jaririna wata huɗu gare shi. Kumatunsa sun yi kaushi sun yi ja, cinyoyinsa sun yi furu-furu, yana yawan kuka da dare. Maƙwabciyata ta ba ni wani man tub ta ce in haɗa da basilin. Haihuwar fari ce, kuma tsoro nake ji. — Wata uwa daga Gusau

'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin ba laifinki ba ne, kuma tambayar da kika yi kafin ki shafa masa man ita ce daidai. Fatar jariri ta fi ta babba laushi da rashin kauri, don haka ita ce farkon wadda hunturu ke taɓawa. Ki mayar da wankansa sau ɗaya a rana, da hantsi bayan rana ta ɗaga, a cikin ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Ruwan ya zama mai ɗumi wanda za ki tsoma gwiwar hannunki ba ki ji ya ƙona ki ba. Na san iyayenmu da kakanni suna son a gasa jariri da ruwa mai zafi sosai, kuma da kyakkyawar niyya suke yi, amma ruwan zafi yana wanke ɗan maiƙon da Allah ya halicci fata da shi, ya bar ta a buɗe. Ki ajiye soso, ki yi amfani da tafin hannunki da sabulun jarirai kaɗan. Da kin ciro shi daga ruwa, ki ɗan daddanna tawul a jikinsa ba tare da gurzawa ba, ki shafa basilin mara ƙamshi ko man kaɗanya mai tsabta tun jikin yana da danshi.

Man tub ɗin nan kuwa, kada ki shafa masa. Ki duba jikin kwalin, idan kika ga an rubuta Betamethasone ko Clobetasol, to magani ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, kuma fatar jariri tana tsotse shi ya shiga jini. Haka nan ki nesanta man zafi daga hancinsa da ƙirjinsa, kuma kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe, domin iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Idan bayan mako guda babu sauƙi, ko wurin ya fara ruwa, ko ya yi ɓawo mai launin zuma, ko zazzaɓi ya zo, ki kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Ni direban Keke Napep ne. Duk shekara diddigena yana yin faso har jini ya fito, in na taka ruwan alwala kamar an zuba barkono. Abokan aiki sun ce in ɗiga kyandir ko in shafa baƙin mai. Wane ne ya fi? — Malam S., Kano

Malam, babu ko ɗaya. Baƙin mai dattin inji ne, kyandir mai zafi kuma ƙuna zai ƙara maka a kan ciwo. Da dare bayan sallar isha'i, ka jiƙa ƙafafunka a ruwan ɗumi na kimanin minti 10, ka goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ka tsane, ka cika fason da basilin sosai, sannan ka sa safa ka kwanta. Kada ka yanke kaushi da reza. Da rana ka bar silifas ka sa takalmi mai rufe diddige, kuma bayan kowace alwala ka tsane ƙafa ka ɗan shafa mai. Idan kaushin ya yi kauri ƙwarai, ka tambayi mai kemis man ƙafa mai sinadarin Urea, yana tausasa shi. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: in kana da ciwon suga, ko ƙafarka tana yin dindiris ba ka jin zafi, faso ba ƙaramin abu ba ne a gare ka, domin ta irin wannan ƙofa gyambo ke shiga. Asibiti za ka je, ba dutse za ka ɗauka ba.

Anti, wata mai sayar da kayan gyaran jiki a Instagram tana tallar haɗin “man hunturu” a kan N35,000. Ta ce na gargajiya ne zalla, yana hana bushewa, kuma cikin kwana bakwai fata za ta yi haske. Babu rubutu a jikin robar sai sunan shagonta. In saya? — Ɗaliba daga Kaduna

Kada ki saya, kuma zan tsaya a kan wannan wasiƙa fiye da sauran, domin irinta sun fi kowace yawa a akwatina, abin kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ki yi wa kanki tambaya ɗaya: mene ne haɗin bushewar fata da haske? Man kaɗanya, man kwakwa, zuma da kurkum ba sa mayar da baƙar mace fara cikin kwana bakwai, ko da za ta yi wanka da su. Duk man da ya canza launin fata cikin mako guda, akwai sinadarin bilicin a cikinsa, ko mai sayarwa ta faɗa ko ta ɓoye. An dai lura cewa mata da yawa sun fara jin kunyar kalmar bilicin, sai aka sauya mata riga, aka koma cewa man hunturu, man amare, ko man fito da ainihin kala.

Na taɓa tsayawa a wani shagon kayan kwalliya a cikin kasuwa ina jiran canji, sai na ga yaron shagon ya ɗauko roba irin ta kwaɓin fulawa, ya juye babban man shafawa a ciki, ya matse ƙananan tub guda shida a kai, ya tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da ba ta da suna, ya juya da cokali, ya ɗura a robobi. Matar da ta zo saye tana goye da yarinya, ta ce a ƙara mata ƙaramar roba ta yarinyar. Babu awo, babu safar hannu, babu wanda ya san abin da ya shiga ciki. Wannan shi ne abin da ake liƙa wa takarda mai kyau a ɗauki hotonsa a sa a waya.

Abubuwa uku aka fi samu a irin waɗannan haɗe-haɗe. Na farko magungunan sitiroyid ne irin su Clobetasol, waɗanda ke sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa mai faɗi ta tsage hammata da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, kuma idan an daɗe ana shafawa a duk jiki suna iya tayar da hawan jini da suga. Na biyu Hydroquinone ne, wanda bayan dogon amfani yake barin baƙin tabo a kumatu da goshi mai wuyar fita, ga gaɓoɓin yatsu da suke tona asirin mai shafawa. Na uku zaiba ce, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan hasken fata, a shekarar 2023 kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Ƙasar Gana ta hana shigo da kayan shafa masu Hydroquinone tun 2016.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a sayar da wannan da sunan kariya daga hunturu, alhali fatar da aka sirantar ita ce iska ta fi yi wa illa. Za ki ga mai shafawa tana kukan raɗaɗi da jan fuska, sai mai sayarwa ta ce mata ai man ne ke aiki, ta ƙara mata wata robar a kan ƙarin kuɗi. 'Yata, ke ɗaliba ce, kin fi ni sanin abin da N35,000 za ta yi miki a makaranta. Da ɗan abin da bai kai rubu'in wannan kuɗi ba za ki sayi basilin, man kaɗanya da sabulu mai laushi da za su kai ki ƙarshen sanyi. Duk abin da za ki shafa, ki tabbata yana da jerin sinadarai, sunan kamfani da adireshinsa, ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Ki kuma sani cewa masu jabu suna buga lambar ƙarya, don haka ki saya a kemis ko shagon da kika sani, wanda za ki iya komawa ki yi ƙorafi.

Ga waɗanda suka riga suka daɗe suna shafawa, ba na zargin kowa, domin na san irin maganganun da ake yi wa baƙar mace a gidan biki har ma a gidan aure. Amma kada a yanke man sitiroyid rana ɗaya bayan watanni ana amfani da shi, saboda fata takan yi bore da ƙaiƙayi da ja da ƙuraje, har mutum ya koma wa man da gudu. A je wurin likitan fata a babban asibiti, a tafi da robar a nuna masa, ya tsara yadda za a janye a hankali.

Ina shan ruwa sosai. Ashe wannan bai isa ba? Ni ina ganin shafa mai aikin mata ne. — Wani matashi daga Zariya

Iskar hunturu ba ta tambayar namiji ko mace kafin ta tsage fata. Shan ruwa yana da kyau, musamman da yake sanyi yana rage jin ƙishirwa, amma ba ya hana ruwan fita ta fata. Mai ne ke yin wannan aiki. Ka shafa mai bayan wanka, ka daina ɓata lokaci a kan wannan tunani.

Leɓena yana fashewa, ina lasa amma sai ya ƙaru. — Daga Maraɗi

Lasar ce ke ƙara shi, domin yawu yana bushewa ya tafi da ɗan danshin da ya rage. Ki riƙe ƙaramin basilin a jaka ki shafa sau da yawa, musamman kafin barci, kuma kada ki ɓare ɓawon da haƙori. Ki guji man leɓe mai yaji-yaji ko ƙamshi mai ƙarfi.

Hajiya, ina so in sayi man kaɗanya na gidan gaba ɗaya, amma an ce akwai na algus. Yaya zan gane mai kyau? Kuma gilisarin da sabulun salo fa? — Uwargida daga Bauchi

Kin yi zaɓi mai kyau, 'yar uwa, kuma abin namu ne, domin Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, musamman a jihohin Neja, Kwara da Kebbi. Kafin ki biya, ki ɗebi ɗan kaɗan ki murza a tafin hannu. Mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki, ya bi fata, ba ya barin tsakuwa ko dunƙulen da ya ƙi narkewa. Launinsa fari ne mai ɗan duhu ko mai ɗan rawaya, yana da ƙamshinsa na ƙwara da ɗan hayaƙi. Idan kika ji warin tsami ko ƙarni, ko dai ya tsufa ko an cakuɗa shi da wani kitse, sai ki bar shi. Ki yi hattara da wanda aka cika wa turare, domin turare yana ɓoye wari. Ki sayi wanda za ku gama cikin 'yan watanni, ki zuba a mazubi mai murfi nesa da rana, kuma a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta maimakon kowa ya tsoma yatsa.

Gilisarin yana da amfani, amma aikinsa jawo ruwa ne, don haka kada a shafa shi zalla a busasshiyar fata. Ki sirka shi da ruwa, ko ki ɗiga kaɗan a cikin man shafawa, a shafa a jiƙaƙƙen jiki, sannan a bi da man kaɗanya a sama. Sabulun salo yana wanke jiki tas, sai dai yana da kaifi, don haka a wannan yanayi a rage shi, a kuma ajiye sabulan kashe ƙwayoyin cuta da ruwan maganin da ake ɗigawa a bokitin wanka, sai in likita ne ya ce a yi. Yara masu fita makarantar boko da ta allo da sassafe, a shafa musu mai a ƙwauri, gwiwa da bayan hannu kafin su fita, a sa musu rigar auduga a ƙarƙashin rigar sanyi don kada ulu ya riƙa gogar fata, domin a waɗannan wurare ne susa ke fara zama ciwo.