Hukuncin Ambaton Mamacin da Aka Zarga Amma Kotu Ba Ta Yanke Hukunci Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da 'yan mata girki, kuma girkin ƙasashen waje a tsofaffin shirye-shiryen wani Ba'amurke, Jeff Smith, na koya. Na yi niyyar rubuta wa ɗalibaina tarihinsa, sai na ji an taɓa zarginsa da lalata da yara maza. In ci gaba da amfani da girke-girkensa? In yabe shi? In faɗi zargin ko in yi shiru?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, mu fara da abin da ya tabbata. Mutumin nan limamin cocin Methodist ne, kuma shirinsa The Frugal Gourmet ya yi tashe a tashar PBS ta Amurka daga 1983 zuwa 1997. A 1997 maza bakwai suka kai shi ƙara suna neman diyya. Shida sun ce ya yi lalata da su suna samari, lokacin da suke aiki a shagon abincinsa da ke garin Tacoma na Amurka a shekarun 1970. Ya musanta. A 1998, kafin a fara sauraron shari'ar, aka yi sulhu aka biya su kuɗi. Hukuma ba ta gurfanar da shi da laifi ba har ya mutu a 2004.

Sulhu ba iƙirari ba ne. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce sulhu yana halatta a kan iƙirari da kuma a kan musu. Mutum kan biya don ya san ya aikata, wani kuma don ya gaji da ja-in-ja. Saboda haka bai halatta ki rubuta cewa ya aikata ba, domin Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Kasancewarsa ba Musulmi ba bai buɗe miki ƙofa ba. Gaskiya ne jumhurun malamai ba sa tsayar da haddin ƙazafi, bulala 80, sai idan wanda aka jefa Musulmi ne, amma faɗuwar haddi daban, faɗuwar zunubi daban. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta adalci har ga wanda ake ƙi.

Inda masu rubuta tarihin mamaci suka fi zamewa shi ne ɗaya gefen. Sai marubuci ya ce tunda kotu ba ta kama shi ba, sharri aka yi masa. Wannan ma zargi ne, ya mai da mutum bakwai maƙaryata ba tare da hujja ba. Cin zarafin yaro a ɓoye ake yin sa, da wuya a samu mai shaida, yaron kuma kunya da tsoro kan rufe masa baki shekara da shekaru. Shaidu huɗu da ake nema a zargin zina sharaɗi ne na tsayar da haddi, ba sharaɗi ba ne na sauraron mai kuka. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta bai wa wanda aka zalunta damar ɗaga murya, kuma Imam Nawawi ya lissafa kai ƙara da faɗakar da mutane cikin wurare shida da giba take halatta.

Wani zai kawo hadisin A'isha da ke Bukhari: kada ku zagi matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar. Hadisin ya inganta, amma zagi ya hana. Faɗar abin da ya faru a bainar jama'a saboda buƙata ba zagi ba ne. A hadisin Anas an wuce da gawa biyu, sahabbai suka ambaci ɗaya da alheri, ɗaya da sharri, Annabi (SAW) bai tsawata musu ba, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shi kuwa "ku ambaci kyawawan matattunku" da ake yawan ja, Tirmizi da ya ruwaito shi ya nuna rauninsa.

Idan darasin girki kawai kike yi, ba lallai ki kawo zargin ba. Idan tarihinsa za ki rubuta, ɓoye shi ha'inci ne ga mai karatu, don shi ne ya kawo ƙarshen shirin. Ki faɗe shi sau ɗaya, da lafazin da ba ƙari ba ragi: an zarge shi, ya musanta, an yi sulhu, ba a yanke hukunci ba. Kada ki shiga siffanta abin da aka ce ya yi. Yabonki ya tsaya kan gwanintarsa ta koyarwa, kada ya kai ga halinsa, don ba ki san shi ba. Kada kuma ki ce Allah ya jiƙansa, aya ta 113 ta Suratut Tauba ta hana nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara.

Girke-girken kuwa halal ne ki koya ki koyar. Annabi (SAW) ya ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ɗan jagora a hijira alhali bai musulunta ba. Abin lura yana cikin tukunya: mutumin yana yawan girki da giyar inabi da naman alade. Kada ki yarda da cewa wuta tana ƙone giyar duka. Ma'aunin Ma'aikatar Noma ta Amurka ya nuna bayan minti 15 ana tafasa kusan kashi 40 cikin 100 na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai kusan kashi 5. A madadin kofi ɗaya na giya, ki sa kofi ɗaya na romo da babban cokali ɗaya na ruwan khal ko lemon tsami. Ruwan inabi zalla zaƙinsa ya yi yawa, yana kama ƙasan tukunya, sai an tsinka shi da romo rabi da rabi.

Wallahu a'alam.