Amsa ga Kawu Game da Majami'ar Mika'ilu ta Hambug

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan birnin Hambug na ƙasar Jamus, alhali galibinmu Musulmi ne, muke kai baƙinmu majami'ar da ka gani a hoto. Ba ibada ce take kai mu ba. Mukan shiga ne a lokacin da aka keɓe wa masu ziyara, mu sassauta murya kamar yadda muke so a yi mana a masallatanmu, domin a ganina wanda bai ga wannan gini ba bai san garin da ya karɓe mu ba.

Sunanta Majami'ar Mika'ilu, amma Michel mutanen gari suke ce mata. Mabiya Martin Luther, malamin Kirista Bajamushe wanda ya rabu da cocin Katolika, su ne suka gina ta tsakanin 1647 da 1669, sai aradu ta faɗa mata a 1750 ta ƙone ƙurmus. Magina biyu, Prey da Sonnin, suka sake tayar da ita, aka buɗe a 1762, hasumiyar kuma sai a 1786 aka kammala. A 1906 gobara ta tashi daga wurin masu gyaran hasumiyar ta cinye ginin, aka mayar da shi kan siffarsa ta da a 1912, sannan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka yi masa ɓarnar da ba a gama gyara ba sai 1952.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cikinta. Su waɗannan Kiristoci wa'azi ne ginshiƙin ibadarsu, saboda haka aka yi zauren da faɗi da haske, fari da ruwan zinariya, aka lanƙwasa benaye a kewaye yadda kusan mutum 2,500 za su ga mai wa'azi su kuma ji shi. Mumbarin na marmara ne mai siffar kofi, kuma duk wanda ya saba zaman sauraron huɗuba zai gane hikimar wannan tsari da kallo ɗaya.

Hasumiyar, mai tsawon mita 132 da rufin tagulla, ita matuƙan jiragen ruwa suke fara hangowa idan sun shigo ta kogin Elbe. Har yau, in ban da Lahadi, mai busa ƙaho yakan hau ta da ƙarfe goma na safe da tara na dare ya yi busa ta kusurwoyi huɗu, kuma idan Allah ya kawo ka, a wannan lokacin zan so in tsayar da kai a gindinta.