Shin haɗa sassan gini a masana'anta yana rage haɗari ga ma'aikata?

Malam, ka tambaya ko gidajen da ake haɗa ɗakunansu a masana'anta, sannan a ɗauko su a jera a fili, sun fi tsare lafiyar ma'aikata. A ganina sun fi, kuma babban dalili shi ne faɗowa daga sama, wadda ita ce ta fi kashe ma'aikatan gini a Amurka da Ingila. Shi ya sa dokar Amurka ta wajabta kariya ga magini da zarar ya hau ƙafa 6. A masana'anta kuwa, mai walda da mai saka waya suna aiki ne a ƙasa, a ƙarƙashin rufi, babu ruwan sama da zai sa katako santsi, babu iskar da za ta girgiza tsani, kuma ba lebura ne zai hau bene da kwanon siminti a ka ba.

Singafo ta rungumi wannan hanya tun 2014, inda ta wajabta ta a wasu filayen da gwamnati ke sayarwa, har ɗaki yakan iso da tayil da fenti a jikinsa.

Sai dai haɗarin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ɗaki guda yana iya kai tan 20 ko fiye, don haka lokacin da injin ɗaga kaya ya rataye shi a sama, igiya ɗaya da ba a duba ba, ko mutum ɗaya da ya tsaya a ƙarƙashi, ya isa ya jawo asarar rai.