Batirin laptop wanda ba na kamfani ba

Malam, ka ce batirin HP ɗinka ya mutu, na kamfani ya yi tsada, ko ka sayi gama-gari? Saya, amma kafin ka hau motar Kano daga Gumel, ciro tsohon ka tafi da shi. Lambar jikinsa da ƙarfin wutarsa dole su dace da sabon. 10.8V da 11.1V duk ɗaya ne, 14.8V kuwa daban. Ɗaga tsohon batirin da sabon a hannu. In sabon ya cika sakayau, bar musu kayansu. A shagon za ka gwada ya ɗauki caji, a rubuta maka garanti a rasit, don dawowa kuɗin mota ne. Kuma daina ɗora laptop ɗin kan katifa, zafi ke kumbura batiri.