Na Yi Kwanika, Dole Ne In Yaye Ɗana Yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana watansa 10, shi ne na fari. Makon jiya na je asibiti aka gwada ni, aka ce ina da cikin wata 2. Da uwar mijina ta ji sai ta ce lallai a yaye shi cikin satin nan a kai mata shi gida, wai nonon mai ciki guba ne, zai sa masa gudawa ya lalace. Yaron kuma in ban da koko ba abin da yake karɓa, kokon ma sai mai ruwa-ruwa. Ni kaina laulayi ya hana ni cin abinci. Don Allah a ba ni shawara. Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya raya mana yaron.

Kada ki yaye shi a satin nan. Ciki ba ya ɓata nono, ba ya mai da shi guba, kuma ba ya sa wa yaro gudawa. Abin da zai faru shi ne kan nonon zai riƙa yi miki zafi, ruwan zai ragu idan cikin ya kai wata 4 zuwa 5, ɗanɗanonsa kuma ya sauya, har wasu yaran su saki nonon da kansu. Iyakar abin ke nan.

Amma Hajiya, uwar mijinki, ba ƙarya ta ƙirƙira ba. Ta ga yaran kwanika da idonta: sun rame, gashi ya yi ja ya zube, ƙafa ta kumbura, wasu ma ba su tashi ba. Inda aka samu kuskure shi ne wajen ɗora laifin. Duba abin da ake yi wa irin wannan yaro. Dare ɗaya a shafa wa nono maɗaci, a ɗauke shi a kai shi gidan da bai saba ba. Ya kwana yana kuka, ya ƙi cin komai saboda kewar uwa. A dama masa koko tsululu a ce ya sha. A daidai lokacin ne kuma yake rarrafe, duk abin da ya tsinta a ƙasa sai baki, ga garkuwar da nono ke ba shi an yanke. Sati biyu ba a yi ba gudawa ta kama shi, sai a ce ai dama ya sha nonon ciki. Yayen gaggawar ne ya kayar da shi. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 1, nono na iya ba shi rabin ƙarfin da jikinsa ke bukata ko fiye, daga shekara 1 zuwa 2 kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar har shekara 2 ko fiye, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku.

Akwai dai matan da likita zai iya cewa su rage shayarwa ko su daina: mai zubar jini a cikin da take ɗauke da shi, wadda ta sha yin ɓari, wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, mai cikin tagwaye, da wadda ke ramewa sosai ko jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ki faɗa wa ma'aikatan awo cewa kina shayarwa, su duba ki. Ko sun ce a yaye, a hankali ake yi, ana rage sau ɗaya-ɗaya cikin makonni.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kokon nan. Kina da kimanin wata 2 zuwa 3 kafin nono ya fara ja da baya, to cikin wannan lokacin ne za ki koya wa yaron cin abinci na gaske. Ki tuna yadda ake yin koko: a jiƙa gero, a niƙa, a tace, a zubar da dusa, a ɗauki ƙullun a dama da ruwa mai yawa. Tumbin ɗan wata 10 kuwa bai wuce cin kofin shayi ɗaya ba. In kika cika shi da ruwan koko, yaron zai ƙoshi, amma jikinsa bai samu abin gina tsoka da jini ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗebo kunun a cokali ki karkata shi. In ya tsiyaye nan take, ya yi ruwa. Wanda ake so shi ne mai kaurin da zai tsaya a cokali ya zame a hankali.

Tunda ya saba da koko, daga nan za ki faro. Yau ki rage ruwan kaɗan, ki zuba cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Gobe ki ƙara madara ko ɗan manja. Daga nan sai garin da ake kira Tom Brown, wanda za ki iya haɗawa a gida: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A tsince, a jefar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta canza launi domin tana cutar da hanta, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Ana dafa shi ya nuna sosai, ba zuba tafasasshen ruwa kawai ba.

Kunu kaɗai ma bai isa ba. Abincin tukunyar gida za ki riƙa dama masa: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da aka sa wa garin busasshen kifi, faten wake da kabewa, dafaffen dankali da manja, alale, awara, zogale ko alayyafo da aka dafa aka daka, gwanda, ayaba, mangwaro a lokacinsa. Ki ɗebi nasa kafin a zuba yaji. Dafaffen ƙwai guda a rana, in da hali, ya fi duk wani biskit da lemon roba da ake saya wa yara. Zancen wai yaron da ke cin ƙwai zai tashi ɓarawo, ban san wanda ya fara shi ba, amma ya cuci yara da yawa. 'Yar tsokar nama ko hanta da aka daka ita ce mafi saurin ƙara jini. In za a ba shi nonon shanu, kindirmo ya fi nonon da aka kaɗe aka cire man, madarar shanu ɗanya kuma sai an tafasa. Zuma a bari sai ya cika shekara 1.

A shekarunsa, sau 3 zuwa 4 a rana zai ci, rabin kofi kowane zama, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. In ya shekara sai a kai kashi uku cikin huɗu na kofin har zuwa cikakke. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci. Yaron da aka haɗa da yayye a kwano ɗaya, kafin ya kai loma biyu an suɗe. Zai tofar, zai kau da kai, wani abincin sai an gwada masa sau da yawa kafin ya karɓa. Haƙuri za ki yi. Abin da na hana ki shi ne ɗura: a danne yaro, a toshe masa hanci, a zuba kunu. Kunun na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, kuma yaron zai tsani abinci gaba ɗaya. Wanke hannu da sabulu kafin ba shi abinci, naki da nasa, shi ne rigakafin gudawar da Hajiya ke tsoro.

Sai ke. Jikinki yanzu mutum uku yake ciyarwa, kuma haihuwar farko ba ta daɗe da kwashe miki jini ba. Laulayi yakan lafa bayan wata 3. Kafin nan ki riƙa cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, ki sa wani abu busasshe a baki da safe tun kafin ki tashi daga gado, ki yawaita shan ruwa. In ya lafa, ki ƙara cin abinci sau 1 ko 2 a kan na kullum: wake, ƙosai, fura da kindirmo, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, riɗi, kifi. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba, amma sai maigida ya san cewa kwanonki ba zai zama na ƙarshe da za a zuba ba.

Ki fara awo tun yanzu, kada ki jira ciki ya fito. Maganin ƙarin jini da za su ba ki, kullum ake sha har a haihu. Yana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada ki kora shi da shayi, domin shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Ruwa ko lemon zaƙi ya fi. Daga wata na 4 za su fara ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki kuma kwana cikin gidan sauro tare da yaron, don zazzaɓi na cinye jini fiye da yadda abinci ke mayar da shi.

Duk ranar awo ki tafi da shi a ɗora shi a sikeli, a auna damtsensa da zaren awo mai launi uku. Kore lafiya ne. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, ko kumburin ƙafa biyu da in kin danna da yatsa wurin zai lotsa, tamowa ce mai tsanani, ranar za a fara ba shi magani. Ki tabbatar an yi masa allurar ƙyanda ta wata 9, kuma yana samun ɗigon bitamin A duk wata 6. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma a ƙara ba shi nono, ba a rage ba.

Game da Hajiya, kada ki ja da ita. Son jikanta ne ya sa ta faɗi haka. Ki sa maigida ya roƙe ta ta raka ki awo ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Ki kuma ba ta aiki a cikin lamarin: ita ta soya garin kunun, ita ta riƙa ba shi na rana, don yaro yakan fi karɓar abinci a hannun wadda ba ya jin ƙanshin nono a jikinta. In kuma kika haihu bai saki nonon ba, jariri ne zai fara sha a kowane lokaci, tun daga dakashin farko cikin awa ɗaya da haihuwa, sannan wansa ya biyo baya.