Zarton Inji da Icce Mai Tauri: Amsoshin Wannan Makon

Salamu alaikum, Malam. Ina da gona a wajen Toro, akwai tsofaffin darbejiya shida da nake son ragewa, ga kuma kututturan kirya da suka bushe tun zamanin mahaifina. Na je kasuwa, mai shago ya nuna mini wani ƙaton inji mai lamba 070, ya ce shi ne uban injina, in saya in huta. Da ƙyar na iya ɗaga shi. In saya?

Wa alaikumus salam. Malam, ai hannunka ya riga ya ba ka amsa tun a shagon. Injin da ka ɗaga da ƙyar da safe kana da ƙarfinka, yaya za ka yi da shi bayan azahar, gumi na shiga maka ido?

Shi 070 na asali kamfanin Stihl na Jamus ne ya ƙera shi. Girmansa ya kusa cc 106 (cc shi ne ma'aunin girman inji), nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa takobin ƙarfen da sarƙa ke bi a kuma zuba mai. Na masu wuni a daji ne suna tsaga gungume ya zama katako. Kai kuwa aikinka na gona ne, inji mai cc 45 zuwa 60 da takobi mai inci 16 ko 18 ya wadatar da kai. Irin su MS 250 na Stihl za su ci darbejiya ba gardama, su ci kirya ma idan ka yi musu haƙuri. In ka ga aikin zai zama sana'a, sai ka hau zuwa masu cc 70 da 'yan kai, kamar MS 382 ko Husqvarna 372 XP na Suwidin.

Sannan ka sani, yawancin 070 masu araha da ke kasuwanninmu kwaikwayo ne. Ba na cewa kowane kwaikwayo banza ne, wasu na ɗan jimawa. Abin da ba na so shi ne a sayar maka da kwaikwayo da kuɗin na asali. Abin da ya fi damuna kuma, da yawa daga cikinsu ba su da birkin sarƙa. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a tayar da injin a gabanka, a tura garkuwar da ke gaban mariƙin hagu. In sarƙa ba ta tsaya cak ba, ka yi sallama da mai shago. Ka kuma sa a nufi wani allo da bakin takobin, ba tare da ya taɓa ba, a ƙara wuta. Ya kamata ka ga layin mai ya fantsama a kan allon. In babu, famfon man sarƙa ba ya aiki. Tambaya ta ƙarshe ga mai shago: in sarƙa ta ƙare ko kafireta ta lalace, ana samun irinsu a Bauchi ko Jos?

Malam, injina sabo ne, bai kai wata biyu ba. Da farko yana cin marke kamar rogo. Yanzu sai na danna da ƙarfi, hayaƙi na tashi daga iccen, yankan kuma yana karkacewa gefe guda. Makaniki ya ce a sauke injin. Ni sana'ata sayar da itacen girki a Kontagora.

Ɗan'uwa, kada ka bari a kwance maka inji tukuna. Ka sunkuya ka dubi abin da ke zubowa ƙasa in kana yanka. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya. In abin da kake gani gari ne mai laushi kamar dusa, haƙoran sun dakushe, ciwon ke nan. Injin juya sarƙa kawai yake yi, haƙori ne ke yanka. Na sha ganin mutum ya sayi babban inji don ƙaraminsa ya ƙi ci, alhali magagari ɗaya zai raba gardamar.

Marke da kirya da tsamiya suna cinye kaifi da wuri, musamman in sun bushe. Amma abin da ya fi iccen kansa kashe sarƙa a wajenmu shi ne yashi. Gungumen da aka ja a ƙasa, ɓawon da ya sha ƙurar hunturu, kututturen da gara ta yi wa jirwaye da ƙasa, duk dutsen niƙa ne ga haƙori. Bakin takobi ya taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya lalata wasin da ka yi. Ka riƙa fere ɓawon wurin da za ka yanka da gatari, ka kuma ɗora gungumen a kan wani icce. In za ka sake sarƙa, ka nemi mai haƙori mai ɗan lanƙwasa a kusurwa. Ba ta kai mai kusurwa tsaye sauri ba, amma ta fi ta jure datti nesa ba kusa ba.

Wasin kansa ba wuya. Magagari mai zagaye ake amfani da shi, wanda ya dace da girman sarƙarka. Ga sarƙa mai lamba 3/8, milimita 5.2 ko 5.5 ne, gwargwadon kamfanin da ya yi ta. Ka kashe injin, ka kafe takobin kada ya motsa, ka riƙe magagarin a karkace kamar digiri 30, ka tura daga cikin haƙori zuwa waje, ka ɗaga in za ka dawo. Masu tsaga katako a tsaye su kan rage karkatar zuwa wajen digiri 10, amma kai ba naka ba ne wannan. Ka ƙirga turin. In haƙori ɗaya ya sha uku, kowa ya sha uku. Karkacewar da kake gani daga nan take: kusan kowa ya fi iya wasa gefe ɗaya, sai haƙoran dama su fi na hagu tsawo, sarƙa ta riƙa ja gefe. A gaban kowane haƙori kuma akwai wani ɗan tudun ƙarfe da ke ƙayyade zurfin cizo. Ya kamata ya gaza haƙorin tsawo da kamar milimita 0.65. Bayan wasi uku ko huɗu sai a ɗan rage shi da magagari mai faɗi. Wasu na cinye shi gaba ɗaya don injin ya yi cizo sosai. Yana yi kuwa, har da mai shi.

Al'adata ita ce duk cikon tanki, wasi kaɗan. Ka duba ɗaurin sarƙa ma: kada ta yi reto a ƙasan takobi, amma ta ja da hannu cikin sauƙi, da safar hannu. Ka riƙa juya takobin sama ya koma ƙasa don ya ci daidai, ka share matatar iska kullum da yamma.

Nawa ake haɗa mai da fetur? Kuma zan iya zuba baƙin man da aka juye daga mota a tankin sarƙa?

In man 2T ne, wato man inji da ake haɗawa da fetur, mai kyau irin na kamfanin injin, kashi 1 cikin 50: mililita 100 a lita 5 ta fetur. Tsofaffin injina da kwaikwayo da yawa littafinsu 1 cikin 25 yake cewa, sai ka bi naka. A galan ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tanki ba. Fetur zalla kuwa, mintoci kaɗan sun isa fistin ya kama. Kada ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar cikin wata guda.

Baƙin man juye, a'a. Akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki da ke cinye famfo da takobi, kuma duk wunin a jikinka da gonarka yake fantsama.

Malam, ɗana mai shekara 19 ya fara bin wani mai inji daji. Da silifas yake fita. Ba na barci. Me zan saya masa da ɗan kuɗin da nake da shi?

Hajiya, Allah ya kare shi, tsoronki yana kan hanya. Sarƙar nan tana gudun mita 20 a daƙiƙa ɗaya, ba ta san bambancin icce da ƙafa ba. Ki fara da takalmi mai ƙarfe a baki da hular kwano ta masu aiki, domin busasshen reshe da ke faɗowa daga sama ya kashe mutanen da sarƙa ba ta taɓa ba. Sai tabarau, da abin toshe kunne, wanda shi ne mafi araha: ƙarar injin ta wuce desibel 100 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe. Akwai wando na musamman mai zare a ciki da ke sarƙe sarƙa ta tsaya. Yana da tsada da zafi, amma in hali ya yi, a saya. Babbar riga da rawani da ke reto, a bar su a gida.

Abin da zan so ki sa ya maimaita miki har ya haddace ba na saye ba ne. Saman bakin takobi ba ya taɓa komai. In ya taɓa, injin tutsu yake yi, ya taso sama ya nufo fuska kafin mutum ya ƙifta ido. Hannu biyu kullum, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, jiki a ɗan gefe da layin yanka. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a hawa tsani ko bishiya da shi, ba a tayar da shi a iska sai a ƙasa, ƙafa na danne da mariƙin baya. In za a ka da bishiya, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonta, mai yanka kuma ya share hanyar gudu ta baya a karkace tun kafin ya fara. Ba a yanke gindi kaf, ana barin kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurinsa ya riƙe bishiyar ta faɗi inda aka nufa.

Ki kuma tambayi maigidansa ko suna da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid, tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki tun 2017. In aka yi kame a daji, yaron da aka samu riƙe da inji shi ake fara sawa a mota.