Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan yaron SIL

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce yaron shekararsa 7, yana maimaita SIL (ajin farko na firamare a makarantun da ke koyarwa da Faransanci), in an kira shi ba ya waiwayowa, ba ya kwafar abin da ke kan allo, a gida har an fara cewa daƙiƙi ne ko iska ce ta shafe shi. Na daɗe ina riƙe ƙananan azuzuwa a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma irin wannan yaro yana tsaya mini a rai.

Kada ki auna shi da Faransanci tukuna. Yaranmu da yawa sai a SIL suke fara jin harshen. Ki ja shi gefe, ki yi masa Hausa ko Fillanci, ki ce: "Ɗauko alli, ka rufo ƙofa." In ya yi duka biyun, galibi harshe ne matsalar.

In bai yi ba, ki fara zargin kunne. Ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali. Yankinmu na sanƙarau ne, kuma sanƙarau na barin kurumta, haka ƙyanda da kunne mai zubar da mugunya. Na sha ganin yaron da ake zane wa don taurin kai, ashe ba ya ji ne, Allah sarki.

Sannan ki nemi mahaifiyarsa, ita ke riƙe da tarihinsa. Ya kai wata 18 bai taka ba? Ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba? Ya taɓa zazzaɓi da jijjiga, ko tamowa? Kada ki laƙaba wa abin suna, wannan aikin likita ne. Ki ce musu addu'a ba ta hana zuwa asibiti a duba kunne da ido.

A aji ki dawo da shi gaba inda zai ga bakinki, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ƙidaya da tsakuwa, ki haɗa shi da yaro mai haƙuri. Bulala kam a ajiye ta, don girman Allah.

In likita ya tabbatar da nakasa, iyayen su je ofishin kula da jin daɗin jama'a. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi sassaucin kuɗin makaranta ga irin waɗannan yara.